Ƙugiyar Ɗantani

A Aliero, ranar rabon taki,
layi ya kai har bakin tasha.
Ina bayan tebur, kwamfuta a gabana,
warin albasa ya cika ofishin ƙungiya
har ya kama min gyale.

Ɗantani ya miƙo kati.
Na buga sunansa. Babu.
Na sake bugawa a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Babu.
Ya ce, "Ɗiyata, shekara tara ina zubi,
yau akwatinki ya ce bai san ni ba?"

Manoma ɗari huɗu da sha ɗaya ne a rumbun bayanan,
amma duk mai ƙugiya a farkon suna ya yi layar zana:
Ɗangoje, Ɗanjimma, Ƙasimu mai injin ban ruwa.
A bayan kwali na rubuta su da biro
kafin aka sallame su.

Da dare, bayan an ɗauke wuta,
na bi sawu da ragowar caji.
Rumbun nan ba ni na gina shi ba.
Aikin gayya ne na mutanen da ban taɓa gani ba,
kowa ya kawo curin laka, ya liƙa, ya wuce,
ƙofa a buɗe, ba kwaɗo, ba mai gadi.
Na zura kai.
Ga ƙwaron kwance a layi na ɗari biyu da saba'in:
wurin da ake mai da babban harafi ƙarami
ashirin da shida kaɗai ya sani.
Ɗ babba da ɗ ƙarami, uwa ɗaya uba ɗaya,
a wurinsa baƙin juna ne da mota ta haɗa.

Na rubuta rahoto da Turancina mai ɗingishi.
Ga abin da na yi.
Ga abin da na zata.
Ga abin da ya fito.
Na goge sau uku, kada su ce wace ce wannan.
Na ƙara musu da cewa a wurinmu
kafa daban, ƙafa daban,
wanda ya haɗa su zai yi tuntuɓe.

Kwana biyu shiru.
Sai wata da asubarta ke faɗawa kan isha'inmu ta amsa:
"Na gwada, na gani. Za ki iya kawo gyara?"

Layi bakwai na kai.
Aka dawo min da su.
Ashe garin ɗinke tawa rigar
na yage wa Turkawa wani harafinsu marar ɗigo.
Kunya ta rufe ni ni kaɗai a ɗaki,
mai share ƙofarta ta watsa wa maƙwabci shara.
Na warware, na sake ɗinki,
na haɗa da gwaji goma sha biyu,
na farkonsu sunan Ɗantani.

Ranar Laraba aka karɓa.
Ba guɗa, ba kalangu,
alama ce ƙarama, koriya kamar sabon lawashi,
da sunana a ƙasan dogon jeri:
Ruƙayya Nomau, ƙugiyata a miƙe.

Inna ta ce, "Nawa suka biya?"
Na ce ko sisi.
Ta ce, "To, datar da kika ƙona fa?"
Na ce wanda ya sha a rijiyar kan hanya,
in ya ga guga ya huje ai ya liƙe.
Ta taɓe baki, ta ci gaba da tankaɗe.

Da aka zo rabon iri
ban gama buga harafi na uku ba ya fito.
Ɗantani ya leƙa, ya gyara hula:
"Yau dai ya shaida ni."
Bai tambayi dalili ba, ban faɗa ba.
Ya ajiye min albasa uku a kan tebur.

Daren nan kuma wani daga Maradi ya kawo kuka
a kan wani harafin da ni ma na manta da shi.
Caji saura kashi sha tara.
Na jawo kujera.